Sun cinye makin takarda, sun kasa haɗa ruwan gishiri da sukari

Maman Ilham: Assalamu alaikum malamaina. Wani abu ya faru a ajina ranar Talata, har yau bai bar raina ba, shi ya sa na kawo shi zaure. Kimiyya nake koyarwa a aji 2 na ƙaramar sakandare, yara 96 a aji guda. Mun yi darasin gudawa da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan ba a samu na leda ba. Na ba su tes, tambaya 10, yara 61 suka ci 8 zuwa sama. Na yi murna ƙwarai. Ranar Talata sai na taho da sukari da gishiri da cokula iri-iri da fiya wata daga gida, na zube a tebur. Na kira shida daga cikin waɗanda suka cinye goman duka, na ce ga ƙaninku yana zawo da tsakar dare, babu kemis a buɗe, ku haɗa masa.

Wallahi yarinya ɗaya ce ta haɗa daidai. Uku babban cokalin cin shinkafa suka ɗauka. Ɗaya ya cika cokali har ya yi tozo. Na ƙarshen kuwa juya awon ya yi, gishiri shida, sukari rabi. Kuma yaron nan a takarda daidai ya rubuta: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Da jariri ya sha abin da ya haɗa, sai dai wani ikon Allah.

To maki 10 ɗin da na sa masa a rijista, makin me ne? Ina so daga yanzu rabin makin CA ɗina, wato makin gwaje-gwajen aji da ake tarawa kafin babbar jarrabawa, ya fito daga abin da yaro ya yi da hannunsa a gabana. Waɗanda suka riga ni a aikin nan, ku ba ni shawara.

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Gani ya kori ji, Malama. Allah ya saka miki da kika gwada.

Umman Firamare: Innalillahi. Gishiri shida! Jikina har ya yi sanyi.

Malamin Kemistiri: Malama sannu da ƙoƙari, kuma ban raina abin da kika gani ba. Amma bari in faɗi abin da wasu za su ji nauyin faɗa. Shekarata 17 ina shirya yara WAEC da NECO. Ranar da sakamako ya fito babu uban da ke tambayata ko ɗansa ya iya riƙe cokali. Kiredit biyar yake nema, har da Turanci da lissafi, don da su yaron zai samu gurbi a jami'a.

Sannan ki lissafa. Yara 96, kowa minti 3, minti 288 ke nan. Darasi bakwai da ɗoriya na minti 40. Ina za ki samo su, mu da ko manhajar ba ma gamawa kafin zango ya ƙare?

Wanda ya fi damuna kuma shi ne wannan. Takarda ba ta san ɗan wane ba. In amsa B ce to B ce, ko ɗan kansila ya rubuta ko ɗan mai tura baro. Amma da zarar an ce malam ya kalla ya ba da maki yadda ya gani, an buɗe wa son kai ƙofa. Ni ɗan talaka ne, ba ni da baki, rigata ɗaya ce a sakandare. Jarrabawar takarda ce ta fitar da ni. Da ganin idon malamai aka bi, 'ya'yan masu tsabtar kaya da zaƙin baki ne za su kwashe makin.

Maman Ilham: Malam na ji ka, kuma maganarka ta uku ta shige ni. Ban ce a soke takarda ba. Amma ka duba, takardar da ba ta san ɗan wane ba, ita ce dai ta shaida mini cewa yaron nan ya iya, alhali bai iya ba. Adalci ta yi wa yaran a tsakaninsu, amma ƙarya ta faɗa mini.

Baba Hedimasta: 'Ya'yana, ku ba tsoho dama. Abin da 'yata take nema ba baƙo ba ne, yana nan a rubuce tun kafin a haifi da yawanku. Kundin manufofin ilimi na ƙasa na 1977, wanda aka yi wa gyara a 1981, shi ya kawo maganar auna yaro a kai a kai, don kada makomarsa ta rataya a kan jarrabawar rana ɗaya. Da tsarin 6-3-3-4 (shekara 6 firamare, 3 ƙaramar sakandare, 3 babbar sakandare, 4 jami'a) ya kankama a 1982 aka riƙa tara mu ana yi mana bita. Aka ce a auna yaro ta fuska uku: abin da ke kansa, halinsa, da abin da hannunsa ya iya. Har aka shigo da injuna daga ƙasashen Gabashin Turai don darasin fasaha na ƙaramar sakandare. Na ga akwatunan nan da idona a makarantu, wasu ba a taɓa buɗe su ba, babu lantarki, babu malamin da ya san kansu, har tsatsa da gara suka gama da su.

Da aka rasa kayan aiki kuma aji ya cika, sai CA ta koma tes na ɗaya, tes na biyu, aikin gida, shi ke nan. Wato ƙaramar jarrabawa sau uku kafin babba. Ku juya katin sakamakon yaranku ku duba wurin nan da aka jera tsabta, zuwa kan lokaci, iya sarrafa kayan aiki, ana ba da 1 zuwa 5. Tsakaninku da Allah, wa ya taɓa zama ya lura da yaro kafin ya cike wurin? A daren raba kati ake zuba 4 da 3 daga sama har ƙasa. Ni ma na yi, kuma ina neman gafarar Allah a kai, don shaida ce muka bayar a kan abin da ba mu gani ba.

Ɗana mai kemistiri, ko WAEC ɗin da kake magana ta ware wa makin makaranta kashi 30 cikin 100. Kason nan amana ce aka bar mana don mu auna abin da zauren jarrabawa ba zai iya gani ba. Mu kuma muka cika shi da irin abin da zauren zai sake tambaya.

Malamin Kemistiri: Allah ya ƙara girma Baba. Kason nan na sani. Na kuma san yadda ake cike shi a wasu makarantu, kowane yaro a ba shi kusan duka don sunan makaranta ya fita. Abin da ya sa nake tsoro ke nan.

Abu Sadik: Ni ɗinki nake koyarwa a babbar sakandare, cikin darussan sana'a 34 ɗin nan da aka shigo da su a 2011, kuma ina da shagona da yamma. Ina ganin abin nan ta fuska biyu kullum. A shago babu wanda ke tambayar yaro ya lissafo sassan keke. Da guga yake farawa, sai sa maɓalli, sai kalmasa. In zai koyi yanka, takardar buhun siminti nake ba shi. Sai na ga hannunsa ya faɗa sannan zai taɓa yadi mai araha, shadda kuwa sai ya shekara biyu ko fi. Rigar da ya ɗinka ita ce sakamakonsa, in hannu ya fi hannu tsawo mai kaya ma zai faɗa masa.

A makaranta kuma keke biyu gare mu, ɗaya ba ya aiki. Ina da ɗalibar da ta zana keken ɗinki ta sa wa kowane sashe suna ba kuskure, amma ba ta iya zura zare a ƙoshiya ba.

Gargaɗi ɗaya zan yi miki Malama. Kada ki yarda da aikin da za a tafi da shi gida. Duk ƙarshen zango iyaye na zuwa shagona da yadi, wai an ba yarinya furojet a wata makaranta, in ɗinka mata. Ina ƙi, amma na kusa da ni yana karɓa. Kafintoci ma haka suke ƙera wa yara. Mai kuɗi ya sayi maki, ɗan talaka ya kawo nasa na kwali a ba shi 4. In dai za a yi, a yi shi a gabanki.

Alaramma: Assalamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, darasin Alƙur'ani nake ɗauka a wata Islamiyya aka sa ni a zauren nan, amma a tsangaya na tashi. Ina ta karanta maganganunku ina mamaki, don abin da kuke ta nema mu da shi muka buɗi ido.

A tsangaya yaro ba ya wanke allonsa sai ya zo gaban malam ya karanta, bakinsa da kunnen malam. In ya kakare a koma da shi, ko kwana nawa zai yi. Babu wanda zai karanta masa, babu satar amsa. In ya girma ya shiga hadda, akwai satu, ya ɗauki alƙalami da tawada ya rubuta a allo da ka, ba tare da ya duba ba. Sannan ya kai darasu, inda alarammomi ke zaune, ya karanta suna bin sa. Wasali ɗaya, ɗigo ɗaya in ya kauce, nan take za a tsayar da shi, ya gyara a gaban kowa. Kuma ba a ce wa mutum alaramma don ya ce ya haddace. Sai ya rubuta Alƙur'ani da ka, an duba an tabbatar.

Maganar yawa kuma, malam ɗaya yakan riƙe almajirai fiye da ɗari. Ba shi kaɗai ke sauraro ba. Gardawa ke sauraron ƙolawa da titibirai, wato ƙananan almajirai, malam yana zagawa, kunnensa na ko'ina. Wanda gardi ya ce ya iya, malam yakan ɗauko shi ba zato ya ce karanta. In aka samu gardi ya yi sakaci, shi ma zai ji a jikinsa.

Na san za a ce hadda daban, sanin ma'ana daban. Gaskiya ne, shi ya sa ake zuwa zaure a yi karatun littattafai bayan nan. Amma abin da muka ce mun auna, shi muka auna. Ba mu taɓa ba wa yaro shaidar karatu don ya zaɓi A ko B ba.

Malamin Kemistiri: Allah ya gafarta Malam, na yarda da wannan. Amma karatun Alƙur'ani daidansa ɗaya ne, kowane alaramma ya san shi. In yaro ya yi bayani a aji ko ya haɗa wani abu, ni in ba shi 6, Malama ta ba shi 9. Wa ya yi daidai?

Alaramma: To ka duba musabaƙa. Tun 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato take shirya ta ƙasa. A can ba hadda kaɗai ake dubawa ba, har da tajwidi da kyan sauti, kuma sauti ai abu ne na kunne, kowa da yadda yake ji. Me suka yi? Alƙalai da yawa ne, ba ɗaya ba. An raba makin gida-gida tun kafin a fara, mai karatu ya san abin da ake cirewa in ya yi kuskure. Tambayar da za a ja masa, shi ke zaɓar lambarta, bai san me ke ciki ba. In ya kauce a kaɗa ƙararrawa, duk jama'a na ji. Ana samun ƙorafi, ba a rasa ba, amma alƙalin da zai yi son kai sai ya yi shi a gaban mutane.

Dakta: Alaramma, Allah ya ƙara sani. Abin da muke kwashe zango guda muna koya wa ɗaliban NCE ka faɗe shi a taƙaice.

Bari in raba abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai gwajin aiki, wato yaro ya yi abu a gani. Akwai kuma gwajin da ya yi kama da rayuwa. Firaktikal ɗin kemistiri na WAEC, inda yaro ke ɗiga asid har launi ya juya, gwajin aiki ne, amma an riga an jera masa komai, an gaya masa matakin farko da na ƙarshe. Abin da Maman Ilham ta yi ya wuce nan. Ta ajiye cokula iri-iri, dole yaro ya zaɓa. Ta kawo fiya wata, dole ya san leda ɗaya rabin lita ce, biyu zai fasa. Ta ba shi dalili, ƙaninsa ba lafiya. Wani masanin ilimi na Amurka, Grant Wiggins, shi ya yayata wannan ra'ayi tun 1989: a gwada yaro da irin aikin da ilimin zai yi masa a waje.

Amma Malamin Kemistiri yana da hujja, kada mu yi masa rubdugu. Jihar Bamont ta Amurka ta gwada auna yara da tarin ayyukansu na aji a farkon shekarun 1990. Da aka bincika sai aka ga masu dubawa suna saɓa wa juna sosai a kan aiki ɗaya. A Ingila kuma, daga 2015 aka daina haɗa makin firaktikal na kimiyya cikin sakamakon ƙarshen babbar sakandare. Ana yin firaktikal ɗin, malam ya shaida yaro ya iya, amma daban ake rubuta shaidar. Ƙasashe ne masu ƙananan azuzuwa da kayan aiki, duk da haka abin ya ba su wuya.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, irin wannan gwaji ya fi ƙarfi a cikin aji, inda manufarsa malam ya ga kuskure ya gyara kafin yaro ya wuce. Yana rauni in aka ɗora masa nauyin raba gurbin jami'a. Sannan aiki ɗaya ba ya isa a yanke wa yaro hukunci. Wanda ya iya haɗa ruwan gishiri ba lallai ya iya auna zafin jiki ba. A yi ƙanana uku ko huɗu a shekara ya fi babba guda.

Shawarata Malama, ki rubuta ma'aunin a allo mako guda kafin ranar, yara su kwafa. Kada ki sa kalmomi irin "ya yi kyau" ko "ya yi ƙoƙari". Ki sa abin da ido zai gani: ya wanke hannu ko bai wanke ba, ya shafe bakin cokali ko bai shafe ba. In haka ne, ko ke ko Malamin Kemistiri kuka duba, makinku ba zai yi nisa da juna ba.

Umman Firamare: Ni kan lissafin lokaci zan yi magana, don na yi shi a aikace. Malam ya ce minti 288, haka ne, amma wa ya ce a rana ɗaya za a yi? Zango mako 12 ne ko 13. Raba 96 gida 12, yara 8 ke nan a mako. Minti 24. Sauran suna aikin rubutu a kujerunsu, kina kiran su ɗaya bayan ɗaya.

Haka nake yi da karatu a aji 3, tun da aka yi mana bitar Mu Karanta, shirin koya wa yara karatu da Hausa. Yaro ya zo, in miƙa masa ɗan labari da Hausa wanda bai taɓa gani ba, ya karanta minti ɗaya, ina bin sa da fensir. Ranar da na fara na sha mamaki. Yaran da ke amsawa da ƙarfi in ana karatun tare, ashe bakin na kusa da su suke bi. Ɗaya har juya takardar ya yi a kife bai sani ba, kuma na biyar ya zo a jarrabawa, don kwafe allo ya iya. A Wudil da Dawakin Tofa ma an yi wani shiri da aka samo salonsa daga Indiya, a gwada yaro baki da baki a ga inda ya tsaya, harafi ne, kalma ce, ko labari, sannan a haɗa shi da 'yan matakinsa. Kundin ilimi ya ce malamin firamare ɗaya yara 35. Ni 110 gare ni. In na jira ranar da za su koma 35 kafin in saurari bakin kowa, zan yi ritaya ban saurara ba.

Mushe na Maraɗi: Gaisuwa ga malammai daga Nijar. Mu ma nan lakwal matsalar guda ce, sai dai mu bisa 20 muke ba da maki. Akwai dubara guda da aka koya muna tun makarantar horon malammai, ana ce mata Lamartiniyar. Kowane yaro da ɗan allonsa da alli. Mushe, wato malam, ya yi tambaya, ya buga tebur, kowa ya rubuta, ya sake bugawa, kowa ya ɗaga allo sama. Cikin ƙiftawar ido ka ga aji duka, wa ya gane, wa bai gane ba. Ba ta kai abin da Malama ta yi ba, tunda rubutu ne dai. Amma tana iya tace miki yara. Ki ɗaga cokali mai tozo ki ce daidai ko kuskure, su ɗaga allo. Waɗanda suka faɗi nan, su za ki fara kira teburi.

Hajiya Mataimakiya: Ina bin muhawarar tun jiya ban sa baki ba. A matsayina na mataimakiyar firinsifal, abu ɗaya nake so kowa ya riƙe. Duk makin da ke hannun malam shi kaɗai, ba takarda, ba shaida, makami ne. Mun taɓa zama a kan maganar wani malami da ya riƙa kiran 'yan mata ofis ɗaya-ɗaya da sunan gwajin baka. Ba zan faɗi wuri ba, an ɗauki mataki. Tun daga ranar na kafa sharaɗi: gwaji a cikin aji, ƙofa a buɗe, yara na kallo. Ma'auni a manne a bango. Yaro ya ga makinsa a take, ya sa hannu. Kuma lokaci-lokaci wani malamin ya shigo ya duba yara biyar da nasa alƙalamin, a gwama. Wannan kariya ce ga yaran, kariya ce ga malamin kirki ma, ranar da uba zai zo da faɗa.

Ƙanwata, kafin ki canza rabon makin ki sanar da shugaban sashenku a rubuce. Kada sufeto ya zo ya ga rijistarki ta bambanta da ta sauran, a rasa mai tsaya miki.

Abu Sadik: Wa zai sayi sukarin? Yara 96, kowa cokali 6. Kuma an hana karɓar kuɗi a hannun yara.

Umman Firamare: Yashi mai laushi a tankaɗe a madadin sukari, toka a madadin gishiri, ruwan rijiya a cikin gorar da aka auna. Awon ake dubawa ai. A bar na gaske a yi sau ɗaya a gaban aji, kowa ya ɗanɗana ya ji bai fi hawaye gishiri ba.

Baba Hedimasta: Madalla da wannan. Amma a gaya wa yaran da babbar murya cewa na gwaji ne, kada wani ya je gida ya ce toka aka koya masa.

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Yau mako uku da maganarmu, na dawo da bayani. Na kai wa shugaban sashe takarda kamar yadda Hajiya ta ce. Bai yarda da rabi ba, ya ba ni maki 10 daga cikin 30 na CA, ya ce a ga yadda zangon nan zai kaya. Na karɓa.

Ma'aunin gida biyar ne, kowanne maki 2: wanke hannu da tsabtar mazubi, awon ruwa, awon sukari, awon gishiri, sai bayani da baki, wato yadda ake ba yaro kaɗan-kaɗan, a zubar da ragowar in ya kwana ya wuni, a ci gaba da ba shi nono, da alamomin da in an gani asibiti za a nufa ba jira. Na kuma nanata musu cewa na leda da ake samu a asibiti da kemis shi ne gaba, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, na gida na ranar da aka rasa ne. Sharaɗi ɗaya na ƙara da kaina: duk wanda ya kuskure gishiri, ko ya cinye sauran, sai ya sake dawowa.

Yara 24 na gwada zuwa yanzu, 19 sun haɗa daidai a karon farko. Yaron nan mai gishiri shida shi ya roƙa a fara da shi, ya ci 10. Wata yarinya da ba ta taɓa wuce 4 a tes ba ta yi komai tsaf, hannunta ko rawa bai yi ba. Na tambaye ta, ta ce ita ke rainon ƙannenta uku, ta sha haɗawa. Shekara biyu tana gabana ban san haka ba.

Ga inda na kakare. Ina da yaro mai i'ina. Awonsa babu na biyunsa, amma da aka zo bayani ya tsaya, aji ya yi tsit, wasu suka fara murmushi, sai hawaye. Na ba shi 8, amma na san ya san amsar. Tun ranar bai ƙara ɗaga hannu ba.

Malamin Kemistiri: Irin yaron da nake jiye wa ke nan tun farko. Ki ba shi takarda ya rubuta bayanin, ilimin kike nema ba zaƙin baki ba. Sannan 19 cikin 24 ɗin nan, ki lura, na mako na uku sun kalli mutum 16 sun yi a gabansu. Ba daidai suke da na makon farko ba.

Dakta: In manufar kowa ya iya ne, kallon ma koyo ne, ba asara ba. Amma tunda akwai maki, ki riƙa sauya yanayin. Wannan makon fiya wata, wani makon gorar lita ɗaya da rabi, a ga ko zai cika ta ko zai auna. Wani makon ki ɓoye ƙaramin cokalin cikin manya.

Alaramma: Mai i'ina kuma, mun sha samun su a tsangaya. Da yawansu in suna rera karatu harshen yakan saki. Ba a tsayar da su a tsakiyar taro. Ki matso da shi kusa da teburinki, ya ba wa aji baya, ya faɗa miki a hankali, kada ki ƙarasa masa kalma. In ya gagara, a bi shawarar Malam ta rubutu.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin zan kira shi tare da abokin zamansa, lokacin da sauran ke rubutu. Gorar lita ɗaya da rabi akwai ta a gida, zan taho da ita.

Malamin Kemistiri: Ki ɗauko mini hoton ma'aunin nan ki turo. 'Yan aji 2 na babbar sakandare suna ba ni ciwon kai wajen karanta awon ruwa a bututun gilashi, daga sama suke leƙawa maimakon su daidaita ido da layin. Zan gwada su biyar-biyar ranar Laraba, amma ba zan sa shi a rijista ba tukuna.

Maman Ilham: To Malam, in na isa gida bayan la'asar zan turo. A gida na huɗu na fara rubuta "cokali ɗaya" bisa kuskure na soke, rabi ne, kada ka kwafa da shi.